Darasi na 14: Awon Sinadarin Kotizol a Jikin Wanda Ya Yi Mummunar Ƙuna

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya bayyana aikin da sinadarin kotizol yake yi a jikin wanda ya ƙone, ya san dalilin da ya sa awon jini kaɗai kan ruɗi likita, ya kuma gane abin da ya rataya a wuyan 'yan jinya idan nasu ya kwanta da babbar ƙuna.

Abin da wuta ke yi wa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kusan 180,000 a kowace shekara, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke. Mu ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Risho kan fashe, gas kan kama, yaro kan jawo tukunyar tafasasshen ruwa, gobarar hunturu kan tashi cikin dare, kuma ba a manta da tankar man da ta fashe a garin Majiya na jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024 ba, wadda ta halaka mutum fiye da 150. Abin da ido ke gani a irin wannan hali shi ne fatar da ta saɓule, amma idan ƙuna ta ci kashi 30 cikin 100 na fatar mutum ko fiye, jiki ne baki ɗaya yake girgiza. Ƙananan jijiyoyin jini sukan fara yoyo, ruwa ya riƙa tsiyayewa zuwa cikin nama, majinyaci ya kumbura har a wuraren da wuta ba ta taɓa ba. Shi ya sa likitoci ke gaggauta ƙarin ruwa. Lissafin da aka fi bi, wanda ya samo asali daga asibitin Parkland da ke Dalas a Amurka, ya ce a ba da mililita 4 a kan kowane kilo na nauyin mutum, a kan kowane kashi ɗaya na fatar da ta ƙone. Mutum mai kilo 60 da ya ƙone kashi 40 za a ƙara masa mililita 9,600, kusan lita goma ke nan, cikin awa 24 na farko, rabinsu kuma cikin awa takwas. A riƙe wannan lissafi, domin yana da hannu a matsalar awon da za mu tattauna.

A 1942 wani masani ɗan Sikotland, David Cuthbertson, ya bayyana cewa jikin da ya sami babban rauni yana ratsa zango biyu. Da farko komai yakan yi sanyi, ƙarfin jini ya sauka, jiki ya yi laushi. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu sai al'amari ya juye: zuciya ta riƙa bugu da sauri, zazzaɓi ya zauna, sukari ya hau, tsoka ta riƙa narkewa ko da ana ciyar da majinyaci da kyau. A wajen ƙuna wannan zango na biyu ya fi tsanani, ya kuma fi daɗewa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 daga Galbeston a jihar Teksas, wanda ya bi yara 977 masu babbar ƙuna, ya nuna cewa alamun wannan hali kan kai shekara uku ba su gama kwantawa ba. Masu tuƙa wannan hali wasu sinadarai ne da jiki ke saki idan ya shiga matsi, kuma manyansu su ne adiranalin da kotizol. Darasinmu a kan kotizol yake, kuma abin da yake son tabbatarwa guda ne: adadin kotizol da ake gani a takardar awon jini ba ya nuna adadin da ya isa inda ake bukatarsa a cikin nama, don haka kuskure ne a yanke wa mai babbar ƙuna hukunci da wannan lamba ita kaɗai.

Aikin kotizol

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar gaɓa da ake kira adirinal, ita ke yin kotizol. Umarnin yin sa yana fitowa ne daga wata gaɓar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari. A jikin mai lafiya kotizol yana hawa da asuba, ya sauka da tsakar dare. Idan bala'i ya auku sai wannan tsari ya rushe, sinadarin ya zauna a sama dare da rana. Yana taimaka wa jijiyoyi su tsuke don ƙarfin jini ya tsaya, yana fito da sukari don ƙwaƙwalwa da rauni su sami abinci, yana kuma taka wa kumburi birki kada ya wuce gona da iri. An daɗe da sanin illar rashinsa. Tun 1855 likita Thomas Addison na Landan ya kwatanta yadda masu lalatattun adirinal ke ramewa su mutu. A 1983 kuma likitoci a Gilasgo suka lura cewa mace-mace sun ƙaru a cikin masu munanan raunuka da ake kwantar da su da wani maganin barci mai suna etomidet, daga baya aka gano cewa maganin yana toshe aikin yin kotizol. Sai dai yawansa ma yana da tasa ɓarnar: yana cinye tsoka, yana tayar da sukari, yana raunana garkuwar jiki, yana jinkirta warkewar rauni. Ga mai ƙuna, wanda fatarsa ke buɗe ga ƙwayoyin cuta, wanda kuma ake jiran dashen fata ya kama, waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. To idan ƙarfin jinin majinyaci ya faɗi ya ƙi tashi duk da ƙarin ruwa da magungunan ɗaga shi, likita yana tsaka mai wuya. Ko dai kotizol ɗin majinyacin ya gaza, a yi masa allurar haidurokotizon, wato kotizol na magani, ko kuwa ya wadatu, allurar ta zama ƙarin nauyi. Don amsa wannan tambaya ce ake awo.

Inda awon jini ke ruɗi

Hanyar da aka saba bi mai sauƙi ce. A ɗebi jini a auna kotizol, a yi wa majinyaci allurar maikurogiram 250 na sinadarin da ke zuga adirinal, sannan a sake ɗiba bayan minti 30 da minti 60 a ga ko ya hau. A 2008 wani kwamitin masana ya ba da shawarar cewa idan kotizol bai kai maikurogiram 10 a desilita ba, ko hawan da ya yi bai kai 9 ba, to ana iya cewa ya gaza. Matsala ta farko ita ce ɗakin gwaje-gwaje yana auna dukkan kotizol ɗin da ke cikin jini ne, alhali kusan kashi 90 cikin 100 nasa a ɗaure yake jikin wasu furotin guda biyu, ɗaya na musamman da hanta ke yi don ɗaukarsa, ɗayan kuma albumin. Wanda ke ɗaure ba ya shiga ƙwayoyin halitta. Ɗan ragowar da ke sake shi ke aiki. A jikin mai ƙuna albumin yana tsiyayewa ta jijiyoyin da ke yoyo, furotin na musamman ɗin yana raguwa sosai, ga kuma litocin ruwan da aka ƙara suna tsarma jinin. Jimillar kotizol tana iya sauka alhali sakakken yana nan daram, ko ma ya ƙaru. A 2004 Amir Hamrahian da abokan aikinsa a Kilibland ta Amurka sun nuna haka a cikin marasa lafiya na sashen kulawa ta musamman: kusan kashi 40 cikin 100 na masu ƙarancin furotin sun fito da jimillar da ta yi ƙasa, amma da aka auna sakakken kotizol sai aka tarar adirinal ɗinsu na aiki yadda ya kamata. Da an bi takardar farko, da an yi musu maganin cutar da ba su da ita.

Ana iya cewa to a riƙa auna sakakken mana, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin akwai matsala ta biyu da ta uku. A 2013 ƙungiyar Greet Van den Berghe a Luben ta Beljiyam ta gano cewa yawan kotizol a jikin masu rai a hannun Allah ba daga yawan yin sa kaɗai yake zuwa ba. Hanta da ƙoda ne suke rage saurin rusa shi, har saurin fitar da shi daga jini ya ragu da fiye da rabi. Ma'ana, lamba mai yawa ba ta tabbatar da cewa adirinal na aiki tuƙuru, kuma adirinal ɗin da ba ta amsa allurar zuga ba, ba lallai ne ta lalace ba. Sannan kowace gaɓa tana da nata iko a kan kotizol ɗin da ya iso gare ta. A cikin hanta da kitse da fata akwai wani sinadari da ke mayar da kotizon, wanda ba shi da ƙarfi, ya zama kotizol mai aiki. A cikin ƙoda akwai ɗan'uwansa da ke yin akasin haka. A wurin da ke da kumburi, fararen ƙwayoyin jini suna sakin abin da ke yanka furotin ɗin da ya ɗaure kotizol, sai sinadarin ya zube daidai wurin. Zazzaɓi ma yana sassauta ɗaurin. Wanda ya tsaya bakin titi yana ƙirga buhunan hatsi a kan motoci ya san abin da ke wucewa, amma bai san abin da aka ɗora a tukunyar kowane gida ba. Jini shi ne titin, naman jiki kuwa shi ne gidan, kuma a gidan ne ake ƙoshi ko ake kwana da yunwa.

Yadda ake auna cikin nama

Dabarar da ta buɗe wannan ƙofa ana kiranta maikurodayalisis, kuma Urban Ungerstedt na ƙasar Suwidin yana cikin waɗanda suka assasa ta a shekarun 1970. Ana tura wani siririn bututu ƙarƙashin fata. Bakinsa yana lulluɓe da wani tantani mai ƙananan ƙofofi, irin wanda ake amfani da shi a injin wankin ƙoda. Wani ɗan famfo yana tura ruwan gishiri ta cikin bututun a hankali ƙwarai, har awa guda takan wuce ba a tara fiye da ɗigo ɗaya ko biyu ba. Yayin da ruwan ke ratsa bakin bututun, ƙananan sinadaran da ke cikin ruwan da ya kewaye ƙwayoyin halitta suna shiga ta ƙofofin tantanin, manyan furotin kuwa ba sa iya wucewa. Abin da ya taru a 'yar kwalba a ɗaya ƙarshen shi ake kai wa ɗakin gwaje-gwaje, kuma kotizol ɗin da ke cikinsa sakakke ne, daga daidai wurin da yake aiki.

A 2009 Jeremy Cohen da Bala Venkatesh da abokan aikinsu a wani babban asibiti da ke Birisben ta Ostireliya suka wallafa sakamakon amfani da wannan dabara a kan manya 10 masu mummunar ƙuna. Sun sanya bututu ƙarƙashin fatar da ta ƙone da kuma wadda ba ta ƙone ba, suka kwatanta da na wasu masu lafiya da suka ba da kansu, suna kuma auna jini a lokaci guda. Abu uku suka fito. Kotizol na cikin naman masu ƙuna ya zarce na masu lafiya. Babu wani bambanci a zo a gani tsakanin inda ya ƙone da inda bai ƙone ba, wanda ke nuna cewa jiki duka ne ya amsa. Na uku kuma shi ne mafi nauyi: ba a sami dacewa tsakanin adadin da ke cikin jini da wanda ke cikin nama ba, ko an ɗauki jimilla ko an ɗauki sakakke. Mai ƙaramar lamba a jini yana iya kasancewa namansa a wadace yake, mai babbar lamba kuma ba tabbas ya fi shi.

Ƙorafe-ƙorafe da amsoshinsu

Ƙorafi na farko shi ne mutum 10 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. Gaskiya ne, kuma su kansu masu binciken sun kira aikinsu matakin farko. A ƙaramin adadi irin wannan ana iya rasa dacewar da take nan. Amma hujjarmu ba a kan wannan bincike kaɗai ta tsaya ba. Abin da aka gani a Kilibland game da furotin, da abin da aka gani a Luben game da rusa kotizol, da abin da aka sani na ikon gaɓoɓi a kan sinadarin, duk sun nufi wuri guda kafin binciken Birisben da bayansa. Shi dai ya leƙa cikin nama ne ya ga abin da sauran suka sa a yi tsammani.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi. Ita ma dabarar bututun tana da nata aibu. Ba duk kotizol ɗin da ke wurin ne ke shiga bututun ba, kuma yawan wanda ke shiga yana sauyawa da gudun jini da kumburin wurin, abubuwa biyu da ƙuna ke dagulawa. Tura bututun kansa ɗan rauni ne. Abin da aka auna ƙarƙashin fata ba lallai ya yi daidai da na zuciya ko huhu ba. Bugu da ƙari, ruwan da ke kewaye da ƙwayar halitta ba cikinta ba ne, kuma an san cewa a tsananin ciwo ƙwayoyin halitta kan rage jin kiran kotizol ko da yana nan a bakin ƙofarsu. Duk wannan haka yake. Sai dai ƙorafin bai wanke awon jini ba, ƙara tona asirinsa ya yi. Idan awon da aka yi dab da ƙwayar halitta bai gama faɗin gaskiya ba, wanda aka yi daga nesa a jijiyar hannu ya fi shi nisa da ita.

Ƙorafi na uku ya ce tunda awo ba abin dogaro ba ne, a ba kowa haidurokotizon a huta, musamman da yake magani ne mai araha. An gwada wannan a kan masu faɗuwar ƙarfin jini saboda ƙwayoyin cuta, kuma amsar ba ta fito fuska ɗaya ba. Wani gwaji na Faransa a 2002 ya nuna amfani ga waɗanda ba su amsa allurar zuga ba. Wani na ƙasashe da yawa a 2008, mai majinyata 499, bai ga raguwar mutuwa ba, ko majinyaci ya amsa allurar ko bai amsa ba. A 2018 manyan gwaje-gwaje biyu suka fito: wanda Venkatesh ya jagoranta, mai majinyata kusan 3,800, ya ga ƙarfin jini na dawowa da wuri amma mutuwa cikin kwana 90 ba ta ragu ba, na Faransa kuwa mai majinyata 1,241, wanda ya haɗa da wani magani na biyu, ya ga ta ragu daga kashi 49 zuwa 43. Waɗannan majinyata ba masu ƙuna aka zaɓa ba, kuma mai ƙuna yana da abin da zai rasa fiye da su idan rauninsa ya ƙi warkewa. Don haka ba a ba kowa. Abin da ƙa'idojin likitoci suka karkata a kai shi ne a duba halin majinyaci: idan ƙarfin jininsa ya ƙi tsayawa duk da ruwa da magani, a yi la'akari da ba shi ɗan adadi na 'yan kwanaki, ba tare da jingina da allurar zuga ba.

Ƙorafi na huɗu namu ne na gida: me ya haɗa mu da na'urar da ko a ƙasashe masu arziki sai a wurin bincike ake ganinta, alhali asibitocinmu na fama da ƙarancin gadaje da bandeji da jinin ƙari? Amsar ita ce amfanin binciken ba ya bukatar sayen na'urar. Abin da ya koyar kyauta ne: kada a sa dangin majinyaci su sayar da akuya don awon kotizol na jini a ɗauka shi zai raba gardama, kada kuma likitan da ba shi da wannan awo ya ɗauka makaho ne. Ƙarfin jini, bugun zuciya, yawan fitsari a kowace awa, sukari, gishirin jini da kamannin rauni, idan ana bin su a kai a kai, sun fi lamba guda faɗin halin da jiki ke ciki.

Abin da ya rage ga 'yan jinya

Akwai labari guda da ba na'urar da za ta ba likita, sai dangi. Duk wanda ya daɗe yana shan magungunan da ke aiki irin na kotizol, kamar firedinisolon da dekizametazon, adirinal ɗinsa kan yi barci, domin jiki ya saba samu daga waje. A cikinmu akwai masu shansu don asma ko ciwon gaɓoɓi, akwai masu sayensu a kemis don neman ƙiba, akwai kuma mayukan bilicin da ke ɗauke da irinsu, waɗanda ke ratsa fata su shiga jini idan an daɗe ana shafawa. Irin wannan mutum idan ya ƙone, jikinsa na iya kasa fito da kotizol a daidai lokacin da ya fi bukatarsa, kuma a nan allurar haidurokotizon tana iya ceton rai. Kunya kan sa a ɓoye wannan labari, musamman idan majinyaciyar mace ce kuma mazan gida ne suka kawo ta. Ya kamata uwa ko 'yar'uwa ko miji, duk wanda ya sani, ya ja nas ko likita gefe ya faɗa, ya kuma kawo kwalin maganin ko robar man idan akwai. Haka nan idan likita ya ga takardar awo amma bai yi abin da lambar ke nunawa ba, kada a yi saurin cewa sakaci ne. A tambaye shi cikin ladabi ya yi bayani, domin mai yiwuwa yana auna lambar ne da abin da yake gani a jikin majinyaci, kuma abin da ilimin yau ya yarda da shi ke nan.

Tambayoyi

1. Mace mai kilo 50 ta ƙone kashi 30 cikin 100 na fatarta. Mililita nawa na ruwa lissafin Parkland ya tanadar mata a awa 24 na farko, nawa kuma a awa takwas na farko?

2. Kawo ayyuka uku na kotizol a jikin da ya shiga matsi, da illoli biyu na yawansa ga mai ƙuna.

3. Me ya sa jimillar kotizol ke iya sauka a jinin mai ƙuna alhali sakakken bai ragu ba?

4. Bayyana da kalmominka yadda ake auna kotizol a cikin nama, da abin da aka gano a Birisben a 2009.

5. A tattauna a aji: ta wace hanya 'yan jinya za su sanar da ma'aikatan asibiti magunguna da mayukan da majinyaci ke amfani da su ba tare da an tozarta shi ba?